Wardin Cikin Kwalba: Na Gona Ne Ko Na Masana'anta?

A wannan wata filin namu zai leƙa kasuwar turare ne, saboda wata gardama da ta daɗe tana yawo a zangunan Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase har Sabon Zango, musamman in alhazai sun dawo ko kuwa Salla ta ƙarato. Gardamar ita ce, wannan turaren wardi da ake auna mana a 'yan kwalabe a Race Course da Alabar, wardi ne na gaskiya, ko kuwa abin nan ne da mutanenmu ke kira kemikal? Mai saye yana zargin mai sayarwa, mai sayarwa kuma yana rantsuwa cewa shi ma haka aka ce masa a wurin sari. Har zumunci ya sha ɓaci a kan kwalbar da ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba. To, tun da aikinmu koyarwa ne, bari mu ɗauko alli mu yi lissafin abin tare.

Da farko dai, wardin da ake tatsar turare daga jikinsa ba ya yi a ƙasarmu. Shi ne wanda ake kira wardin Dimashƙa, kuma yana son ƙasa mai sanyi da tuddai. Manyan wuraren nomansa su ne kwarin Kazanlak a Bulgeriya, da Isparta a Turkiyya, da yankin Kashan a Iran, da Kalaat M'Gouna a Maroko, sai kuma Ɗa'ifa a Saudiyya, wadda alhazanmu suka fi sani. Sau ɗaya yake fure a shekara, na 'yan makonni kaɗan, kuma da hannu ake tsinkarsa tun da asuba, domin da rana ta ɗaga sai ƙamshin ya fara tashi. A ranar nan za a zuba shi a tukunyar tagulla da ruwa, a hura wuta, tururin ya bi ta bututu ya huce, sa'an nan ɗan man da ya taso a kan ruwan a yaɗe shi. Wannan sana'a tsohuwa ce a hannun Musulmi. Tun ƙarni na 9 Alkindi ya rubuta littafi a Bagadaza a kan haɗa turare da tatsarsa, da hanyoyi fiye da 100 a ciki.

Ga inda lissafin yake. Kafin a sami kilo 1 na man wardi sai an dafa fure kilo 3,000 zuwa 4,000. Ita kuwa tola, wato ma'aunin da ake sayar da shi a Makka da Dubai, ba ta cika giram 12 ba. Ke nan kowace tola ta ci fure wajen kilo 40, wanda in aka ƙirga shi ɗai-ɗai ya haura 10,000. Shi ya sa kilo guda na man yake cin dubban dalolin Amurka a wurin masu tatsarsa, tun bai hau jirgi ba, tun kwastan ba su gan shi ba. Yanzu sai mai karatu ya tambayi kansa, kwalbar da aka cika masa a kuɗin da bai wuce na kwanon waake biyu ba, ta ina za ta zama tsantsar wardin Ɗa'ifa? Ba sai an je jami'a ba, ɗan aji shida ma ya ba da amsa.

Amma kada a yi saurin cewa an cuce mu. Abin da ke cikin kwalbar yana da tarihi, kuma ba abin kunya ba ne.

Masana kimiyya sun daɗe suna tsinka man wardi don su ga abin da Allah ya zuba a ciki, har sun ƙirga sinadarai fiye da 300. Waɗanda suka fi yawa su ne sitironelol da jiraniyol da nerol. Su ukun nan ba a wardi kaɗai suke ba, ana samunsu a wasu ciyayi masu araha, irin su sitironela da ake sa wa a maganin sauro, da falmarosa ta ƙasar Indiya, da jiraniyom da Masar ke nomawa. A yau ma yawancinsu a masana'anta ake yinsu, ko dai daga man itacen fain da ke fitowa wurin yin takarda, ko daga albarkatun man fetur. Akwai kuma na huɗu, mai suna fenil-etil alkol, wanda shi ne ƙamshin nan mai laushi da mutum ke ji in ya sa hancinsa a cikin furen. Shi wannan yana narkewa a ruwa, saboda haka in ana dafa furen ba ya bin mai, sai ya zauna a cikin ruwan. Wannan ne dalilin da ya sa ruwan wardi da ake sa wa a abinci ko a wanke fuska ya fi kama da furen, shi kuwa man ya fi kauri da zafi. Kilon fenil-etil alkol na masana'anta 'yan daloli ne kawai, kuma ana yin dubban tan nasa a kowace shekara.

Sai dai an daɗe ana haɗa waɗannan huɗun, ana shinshinawa, ana jin akwai abin da ya rage. Kamar miya ce da aka zuba wa nama da kayan lambu amma aka manta daddawa. A 1959 masanan kamfanin Firmenich na Jeniba, a ƙasar Suwizalan, suka gano wani sinadari a man wardin Bulgeriya wanda suka sa wa suna okisayid na wardi, mai ɗan ƙamshin ɗanyen ganye da ƙarfe. A 1970 kuma wani masaninsu, Edouard Demole, da abokan aikinsa suka bayyana wanda ya fi shi muhimmanci, suka kira shi damasinon, don tunawa da Dimashƙa. Abin mamaki, damasinon bai kai kashi 1 cikin 500 na man ba, amma bisa lissafin da Günther Ohloff na wannan kamfani ya yi, shi ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin ƙamshin. Shi kuwa sitironelol, da ya kusa kashi 40 cikin 100 na man, rabonsa a ƙamshin bai kai kashi 5 ba. Mu malaman makaranta mun san irin wannan a aji: yaro ɗaya ƙarami a benci na baya, amma in bai zo ba ranar ajin kamar an yi mutuwa. Damasinon ɗin nan yana cikin shayi da gahawa da zuma ma, kuma danginsa ne suka ba turaren Poison na kamfanin Dior, wanda ya fito a 1985, ƙarfin nan da ke riga mai shi shiga ɗaki.

Yanzu mu koma ga ɗaya furen, wanda labarinsa ya fi ba mu sha'awa. Turawa suna kiransa bayolet, Larabawa kuma banafsaj, malamanmu da suka karanta littattafan magani sun san sunan. Ɗan fure ne shuɗi-shuɗi mai son inuwa, ba mu da shi a nan, ba mu ma da sunansa da Hausa. Amma muna iya cin alwashin cewa babu gidan zango da ƙamshinsa bai shiga ba. Ƙamshin nan da uwargida ke ji in ta buɗe gwangwanin hoda ko jan-baki, mai ɗan zaƙi kamar gari-gari, yawanci haɗin wardi da bayolet ne. Haka sabulun wanka da man shafawa da yawa.

A ƙarni na 19 matan Turai sun haukace a kan bayolet, ga shi kuwa furen rowa gare shi fiye da wardi, don an ƙiyasta sai an tara fiye da tan 30 kafin a sami kilo 1 na mansa. Sai wasu Jamusawa biyu a Balin, Ferdinand Tiemann da Paul Krüger, suka ce bari su binciki saiwar wata shuka mai suna airis, wadda ake nomawa wajen Fulorens a Italiya, tun da ita ma in ta bushe ta shekara uku ko fiye ƙamshinta yakan koma kamar na bayolet. Suka ware sinadarin da ke cikinta, suka zana siffarsa yadda suke tsammani, suka tashi yin irinsa. Ashe zanen nasu ba daidai ba ne, sai a 1947 aka gyara shi. Amma abin da ya fito daga tukunyarsu a 1893, bayan sun haɗa sitiral da asiton, sai ya zama ƙamshin furen bayolet ɗin kansa. Suka sa masa suna ayonon. An je neman jaki an dawo da doki. A wannan shekara Nana Prempeh na Ɗaya yana kan gadon Asante, saura shekara 3 Ingilishi su kama shi. Shi Tiemann ɗin kuwa, tare da Wilhelm Haarmann, shi ne ya fara haɗa sinadarin banila a 1874, shekarar da sojan Wolseley suka ƙone Kumasi. Kamfanin da ya tashi daga wannan aiki, Haarmann & Reimer na garin Holzminden, shi ne ya haɗu da wani a 2003 suka zama Symrise.

Mene ne sitiral? Shi ne ƙamshin lemun tsamin da ke cikin ciyawar nan da muke dafawa da shayi in zazzaɓi ya kama mu, wadda ke bayan gidaje da yawa a Kumasi. Asiton kuwa shi ne ruwan da 'yan mata ke goge jan farce da shi. Daga waɗannan biyu aka sami abin da ya karya farashin bayolet har 'yar aikin gida a Landan ta iya sayensa.

Akwai kuma abin da zai ba iyayenmu mata dariya. Ayonon ba baƙo ba ne a wurinmu. A cikin halitta yana fitowa ne in sinadarin karotin ya farfashe, wato abin nan da ke ba karas da manja launinsu. Don haka ne tsofaffin littattafan Turawa suke cewa sabon manja yana ƙamshin bayolet. Yana kuma cikin furen lalle, wanda duk wanda ya taɓa wucewa kusa da bishiyarsa da yamma ya san ƙamshinsa. Har a cikin man wardi akwai ɗan ɗigonsa, kuma a lissafin Ohloff shi ne na biyu a ƙarfi bayan damasinon. Ke nan wardi da bayolet da lalle da manja 'yan ɗaki ɗaya ne ta wannan gefen.

Ayonon yana da wasu halaye biyu da suka sha haɗa mai saye da mai sayarwa faɗa. Na ɗaya, yana gajiyar da hanci da wuri. Ka shinshina ka ji shi sosai, bayan ɗan lokaci ka neme shi ka rasa, in ka huta kuma ya dawo. Sai mutum ya fesa turare a gida, kafin ya kai bakin titi ya daina ji, ya ce an sayar masa da ruwa, ya koma ya ƙara fesawa, alhali na kusa da shi a sahu ko a cikin tirotiro numfashi yake nema. Na biyu, ba kowa ke jinsa daidai ba. A 2013 masu bincike a ƙasar Niyuzilan suka nuna cewa bambancin ƙwayar gado guda ɗaya tak yana sa wasu mutane su ji irin ayonon da ake kira beta da ƙarfi, wasu kuwa da ƙyar su ji shi. Saboda haka in miji ya ce turaren nan ba ya komai, matar ta ce ya cika ɗaki, mai yiwuwa babu maƙaryaci a cikinsu.

Daga wannan beta-ayonon ɗin ne kuma ake yin bitamin A, tun daga 1947 da kamfanin Roche ya gano hanyar. Da gobara ta tashi a masana'antar sitiral ta BASF a Ludwigshafen a ƙarshen Oktoba 2017, sai ga ƙarancin kayan ƙamshi da na bitamin A na abincin kaji a duniya lokaci guda. Wuta a Jamus, zafi a aljihun mai turare da mai kiwon kaji.

To, me ya kawo mu nan? Mu a ganinmu, kalmar kemikal da muke jifan turare da ita ba ta raba komai. Jiraniyol ɗin da ya fito daga fure da wanda ya fito daga masana'anta abu ɗaya ne, hanci bai san bambancinsu ba, fata ma ba ta sani ba. Manyan turarukan Faransa da ake saye da tsada su ma cike suke da waɗannan sinadarai. Ko Bintu Sudan da kakanninmu suka sani, wanda Eric Burgess na kamfanin W. J. Bush na Landan ya fito da shi a 1920, aka kuma daɗe ana cika kwalabensa a Kano, haɗin kamfani ne, ba a taɓa cewa daga gonar wani aka tsinko shi ba, kuma ba wanda ya raina shi don haka. Laifin yana wurin suna. In mai turare ya ce ga haɗin wardi mai kyau, ya faɗi gaskiya, a saya a yi masa addu'a. In ya ce ga tsantsar wardin Ɗa'ifa, ya ninka kuɗin sau biyar don ya ga tsohuwa tana son abin da ya fito daga ƙasa mai tsarki, wannan algus ne, ko da ƙamshin ya kai Bantama.

Wanda ke son gwadawa, man wardi na gaske yakan fara daskarewa in ya ji sanyi, saboda wani kakin fure da ke cikinsa; in an sa shi a firiji na ɗan lokaci za a ga ya yi ƙanƙara-ƙanƙara, in an riƙe a tafin hannu ya narke. Amma masu algus ma sun san wannan, suna iya zuba kaki. Farashi ya fi kowane gwaji faɗin gaskiya.

Sai maganar alkol, wadda wasu 'yan'uwa suka tsorata da ita da suka ga kalmar a jikin kwali. A bakin masana kimiyya alkol sunan dangi ne babba, kuma asalin kalmar ma Larabci ce, daga alkuhul, wato kwalli. Wanda ke bugarwa a cikin dangin shi ne itanol, kuma shi ne ake tsinka turaren fesawa da shi. Fenil-etil alkol da jiraniyol da sitironelol duk 'yan dangin ne a suna, amma ba abin sha ba ne, kuma suna cikin furen tun yana kan reshensa. Turaren mai da ake aunawa yawanci da wani ruwa mai yauƙi marar ƙamshi ake tsinka shi, wanda 'yan kasuwa ke kira DPG. Hukuncin turaren da ke da itanol kuwa, wannan fagen malaman addini ne, mu dai mun bayyana abin da ke cikin kwalbar don tambayar ta tafi daidai. Abin da za mu ja kunne a kai shi ne masu haɗa na fesawa a gida: kada a sayi kowane irin sifirit a jarka marar suna, domin akwai mai metanol, shi kuwa guba ne mai makantarwa.

Abin da ya fi damunmu shi ne fata. Ranar Litinin ɗin bayan Salla mukan ga yara a aji da ƙuraje a wuya da bayan kunne, suna ta susa, in an tambaya a ce zafi ne ko sammu. Sau da yawa turaren da aka shafa musu ne tsantsa. Jiraniyol da sitironelol da wani ɗan'uwan ayonon mai suna alfa-isometil ayonon suna cikin sinadarai 26 da Tarayyar Turai ta yi doka a 2003 cewa dole a rubuta sunansu a jikin kaya, saboda suna tayar wa wasu mutane ƙaiƙayi. A 2023 an faɗaɗa jerin ya haura 80, har da su damasinon. Na gona ma bai tsira ba, domin jiraniyol da sitironelol da damasinon suna cikin man wardi na asali. Kuma jiraniyol in ya sha iska da zafi ya tsufa, ya fi tayar da fata a kan sabo.

Nan ne zancen ya shafi Race Course kai tsaye. Filin nan na sukuwar dawaki ne a da, kuma tun da aka fara sake ginin Kejetia a 2015 aka tura 'yan kasuwa da direbobi da yawa can. Wanda ya rasa shago ya koma tebur da laima. Sai ka ga manyan kwalaben turare a jere a rana tun hantsi har la'asar, ana buɗewa ana rufewa, babu suna, babu ranar da aka yi su. Wannan asara ce ga mai kayan kafin ta zama cuta ga mai saye, don rana tana cin ƙamshin da ya sa jarinsa a ciki. Gorar alminiyom ko kwalba mai duhu, a ajiye a cikin akwati a inuwa, a fito da 'yar kaɗan don gwaji, ya wadatar. Mai saye kuma ya ɗiga kaɗan a cikin gwiwar hannu ya jira kwana 2 kafin ya shafa a wuya, jarirai kuwa a sa musu a riga, kada a fata. Dokar lafiyar jama'a ta 2012, mai lamba 851, ta ɗora wa Hukumar Abinci da Magunguna ta Gana rajistar kayan kwalliya, turare yana ciki. Gara masu wannan sana'a su haɗa kansu su je su nemi bayani da ƙafarsu, da a wayi gari a zo musu da mota.

Wani abu kuma da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Kakanninmu sun zo ƙasar nan da fatauci, sun bi hanyar Salaga da goro, turare da kanwa da fata suna cikin kayan da aka san Bahaushe da su. Har yau hancin mutanenmu ya san turare, matanmu kuma sun iya haɗa humra da turaren wuta da hawi da farce da kajiji ba tare da ma'auni ba. Amma ruwan da ke cikin jarkar, wanda shi ne ribar, daga Jeniba da Holzminden da Indiya da Sin da Dubai yake zuwa, mu namu aunawa ne kawai. Ga jami'ar KNUST a cikin garin nan tana koyar da kimiyyar sinadarai da haɗa magunguna, ga makarantun sakandare irin su T. I. Ahmadiyya da Islamic ta Abrepo suna da ajin kimiyya, amma yaron da ya tashi a teburin turaren ubansa sai a ce masa karatun ya isa haka, ya zo ya riƙe sirinji. Wannan yaro ya riga ya san ƙamshi 50 da ka. Da za a bar shi ya san sunayensu da ma'auninsu, shi ne zai karanta takardar da ke zuwa da kaya daga Tema, ya gane wanda aka tsinka da wanda ba a tsinka ba, ya kuma haɗa wardinsa da sinadarai biyar ko shida ya sa masa sunan da ya ga dama. Ciyawar da Tiemann ya samo sitiral daga irinta tana fitowa a ƙasar Asante ko ba a yi mata ban ruwa ba.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba almiski da jibda da ambar, mu ga nawa ne daga cikinsu har yanzu suke fitowa daga jikin dabba. Masu turaren Race Course da Alabar da ke da tambaya ko gyara, su aiko ta ofishin jarida, za mu buga.